Motar da Alhaji Bai Sake Tayarwa Ba

Ku huɗun nan babu wanda bai taɓa tambayata zancen farar motar nan ba, wadda take kafe a bayan gidan babanku na Nassarawa, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tayoyinta sun lotse cikin ƙasa, kaji sun mayar da ita akurki. Kabiru ya tambaye ni da faɗa, don shi komai da faɗa yake tambaya tun yana zanen goyo. Sadiya da Nura sun tambaye ni da dariya, wai ko aljanu ne suka saye ta. Ummi kuwa sau ɗaya ta tambaya, da ta ga fuskata ba ta ƙara ba. Kullum amsata ɗaya ce, in ce ku je ku tambayi mai ita. To, mai ita yanzu shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure masa harshe, ko sallama da ido yake amsawa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini bankwana. In na tafi da maganar nan a cikina, za ku ci gaba da riƙe labarin da dangi suka ba ku, wai babanku ne ya matsa wa mahaifiyarku da son 'ya'ya har ya kai ta kabari. Wannan labarin ƙarya ne. Na san bakunan da suka ƙaga shi, waɗansu sun mutu, Allah ya ji ƙansu, waɗansu kuwa suna nan har yau suna cin tuwon gidan.

Mahaifiyarku Hajara ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma a hannuna ta tashi a Gama bayan rasuwar innarmu. Ni ɗinki na sani, mijina ya rasu da wuri, Allah kuma bai ba ni haihuwa ba, don haka duk abin da keken ɗinkina ya samo a kan karatunta ya ƙare, har ta zama malama a makarantar 'yan mata. Da ta auri babanku, Alhaji Mansur, yana ƙaramin jami'i a ma'aikatar gwamnati, daga baya likkafa ta yi gaba aka ba shi gida a GRA ta Nassarawa. Ranar da na fara zuwa shirun unguwar ya ba ni tsoro. A Gama in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu ta kan katanga, a can kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba sai maigadi da inuwar darbejiya. Amma shirun a waje ya tsaya. Cikin gidan kasuwa ce. Hajiya, mahaifiyar Alhaji, tana zaune da su, kuma duk wani ɗan uwa da ya zo birni neman asibiti ko neman aiki, nan ne masaukinsa. Babu ƙofar da ake kullewa. Hajiya da kanta take shiga ɗakin ɗanta da 'yan aikinta, a ɗaga katifa, a kakkaɓe durowa, a turara ɗakin. Ba mugunta ba ce, tsabta ce da ƙauna, kuma ina so ku riƙe wannan, don kakarku ta so mahaifiyarku kamar ita ta haife ta.

Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce wadda aka haifi Nura. Haihuwar ta zo da sauƙi. Hajiya ta ɗaura ɗamarar jego irin na da: a tafasa ruwa a ganga safe da yamma, a yi wa mai jego wanka da ganye har fatarta ta yi ja, a bi ta da kwanon kunun kanwa, a sa ta shanye ana tsaye a kanta. Kafin arba'in ƙafafun Hajara suka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya tsaya. Daga ɗaki zuwa falo sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Ba ta iya kwanciya a miƙe, sai an jera mata matasai. Hajiya ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Ni kuwa da na zo na ga leɓɓanta, ban nemi izinin kowa ba, na sa mata mayafi na ce wa Alhaji ya fito da mota. An kwantar da ita, aka yi ta cire ruwa daga jikinta, sai da ta ɗan dawo hayyacinta likitar ta tara mu mu uku. Wata 'yar Zariya ce Kirista, Hausa a bakinta kamar ta Fagge, ba ta kuma iya kewaye-kewaye ba.

"Malama Hajara, zuciyarki ta buɗe, ta gaji. Za mu ba ki magani, in Allah ya yarda za ki tashi ki koma aji. Amma kada ki sake ɗaukar ciki. Ba tazara nake nufi ba. Kada ki sake, har ƙarshen rayuwarki."

Daga nan ta jero mana hanyoyi. Ta ce ƙwayar da mata suka fi sha kullum ba ta dace da mai irin zuciyarta ba. Abin da ta fi so shi ne a ɗaure bakin mahaifa idan ta yi ƙarfi, a huta gaba ɗaya, kafin nan kuma a sa mata robar mahaifa ko a riƙa yi mata allura. Alhaji yana zaune yana kallon takalminsa, gumi na zubo masa daga ƙarƙashin hula, da ƙyar ya buɗe baki ya tambayi ko na maza ba zai wadatar ba. Bai ambaci sunan abin ba, likitar ce ta ambata.

"Kwaroron roba ba abin kushewa ba ne, Alhaji. In an yi amfani da shi daidai, a kowane lokaci, yana tsarewa sosai. Amma mutum ba inji ba ne. Ana mantuwa, ana kuskure, yana fashewa. Mace mai lafiya in ya kuskure mata, taron suna za a yi. Matarka kuwa ba na so in faɗi taron da za a yi."

Kabiru, nan nake so ka buɗe kunnenka da kyau. Babanka shi ne mutum na farko da ya ce a ɗaure. Ya je wurin malaminsa a Tudun Murtala ya yi tambaya, malamin ya ce masa idan likita mai amana ya tabbatar da rai na cikin haɗari, babu laifi, kiyaye rai shi ne gaba. Ya dawo da wannan amsar da murnarsa, ya ce 'ya'ya uku sun ishe shi, Allah ya raya su. Mahaifiyarku ce ta ƙi. Hajara ba ta da hayaniya, amma in ta ce a'a, gara ka je ka tura dutsen Dala. Na zaunar da ita na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na tuna mata yadda innarmu ta tafi ta bar ta tana rarrafe. Ta bar ni na gama, sannan ta faɗa mini maganar da ta daɗe tana sukata.

"Yaya, ke kin fi kowa sanin ɗakin da babu kukan jariri. Ni ba zan miƙa kaina a rufe nawa da wuƙa ba. A bar mini ƙofar, ko da ba zan ƙara shiga ba."

Na yi fushi, na ɗauki mayafina na koma Gama, na yi kwanaki ban leƙo ba. Amma fushin yaya da ƙanwa ba ya nisa. Robar mahaifa ma ta ƙi, saboda wata abokiyar aikinta ta rantse mata wai ta san matar da robar ta yi tafiya a jikinta har ta kai zuciya, ita kuwa mai ciwon zuciya ba ta buƙatar a ƙara mata wani bayani. Allura ta yarda da ita, aka yi mata. Sai jini ya ɓalle mata, yau ya zo gobe ya ɗauke, ba ta san ranar tsarkinta ba, sallarta ta rikice, azumi ya zo ta sha fiye da rabinsa. Hajiya ta fara tambayar wannan wane irin biki ne da ba ya ƙarewa. Da lokacin allura ta gaba ya yi, Hajara ba ta koma ba. Abin da ya rage kenan sai wanda likita ta sa a ƙarshen layi, kwaroron roba, tare da wata ƙwaya mai kumfa da mace take sawa don ta kashe maniyyi. Likitar ta ce ƙwayar ita kaɗai ba abin dogaro ba ce, taimako kawai take yi. Ba ta so ba, amma ta ce tunda haka suka zaɓa, to su je ɗakin tsarin iyali a koya musu yadda ake yi, su biyun tare.

Sun je. Wannan ni shaida ce, don ni na zauna a benci a waje riƙe da Nura. Ko zama ban gama gyarawa ba na ga Alhaji ya fito yana gyara babbar riga, Hajara na biye da shi kanta a ƙasa. Ashe nas ɗin da ke ɗakin 'yar abokinsa ce da suke sahu ɗaya a masallaci, yarinyar da aka yi sunanta a gabansa. Tana ganinsa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, ina kwana." Ga abin koyarwar nan a kan tebur, ga yarinya a durƙushe. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, ya ce ai likita ta riga ta yi musu bayani, sun gane, Allah ya yi albarka. Yarinyar ma daɗi ta ji. A mota na ce masa, Alhaji, ranar wanka fa ba a ɓoyon cibi. Ya ce mini, Yaya, abin ba wani karatu ba ne. Daga wannan ranar ban ƙara jin an ambaci zancen a gidan ba, ni kuma bakina duk tsawonsa yana da iyaka, ba a bin ma'aurata har ƙuryar ɗaki.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi a lokacin ba, daga baya na ji shi daga bakinsu su biyu. Alhaji ba zai iya shiga kemis a Nassarawa ya sayi abin ba, don kowa ya san shi, kuma mutumin da ke da mata ɗaya a gida in aka gan shi da kwaroron roba, kafin la'asar gari ya yanke masa hukuncin neman mata. Sai ya tuƙa har Sabon Gari, ya cire hula ya bar ta a mota, ya shiga inda ba a san shi ba. Don kada ya riƙa komawa, ya sayi babban kwali gaba ɗaya. A hanya ya tsaya ya yayyage ƙananan kwalayen da 'yar takardar bayanin da ke ciki ya zubar, ya juye sauran a baƙar leda. Mutumin da yake karanta Turanci tun safe har yamma a ofis, wannan 'yar takardar kaɗai ya kasa tsayawa ya karanta. Da ya iso gida sai ya rasa inda zai ajiye. Durowa Hajiya na buɗewa, ƙarƙashin katifa 'yan aiki na ɗagawa, aljihun riga mai wanki na lalubawa. Wuri ɗaya ne a duniya da shi kaɗai yake riƙe da mukullinsa. Ya buɗe bayan motar, ya ɗaga tayar ko-ta-kwana, ya cusa ledar a ƙarƙashinta. Kun san bazarar Kano. Motar nan tana yini a filin ofis cikin rana, ƙarfenta in ka taɓa sai ka cire hannu, haka ledar ta yi wata da watanni tana dahuwa.

Ƙwayar kumfar kuwa ba ta daɗe ba, ta riƙa sa wa Hajara ƙaiƙayi da zafi, ta daina. Ga magungunan da take sha sun busar da ita, kusantar miji ta zama azaba, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa. A shekarar Hajiya ta je aikin hajji, ta dawo mata da kwalbar man zaitun, aka kai wa malamai suka yi tofi a ciki, ta ba ta da hannunta ta ce ta riƙa shafawa duk inda yake mata ciwo. Hajara ta shafa a ƙirji, ta shafa a ƙafa, ta ga kuma ya yi mata maganin wancan wurin ma. Man da ya fito daga ƙasa mai tsarki, mai ɗauke da ayoyi, wa zai zarge shi? Ni kaina da ta tambaye ni a lokacin, cewa zan yi ta shafa, don ban san mai yana cin roba ba, ba a taɓa faɗa mana ba. Abin ya fashe musu, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya fashe sai Alhaji ya ce ƙila jabu ne a cikin na kirki, ya ɗauko wani daga leda ɗaya. Hajara ta yi ta addu'a tana jiran wata, wata ya zo, su yi ajiyar zuciya. Har watan da bai zo ba.

Da damina ta zo shagona a Gama da rigunan makarantarta a leda, wai in ɗan buɗa mata su, sun matse ta. Na zaci kumburin ne ya dawo. Na duba ƙafafunta, ba su kai yadda nake tsoro ba. Na ɗauko tef na zagaya ƙugunta, na zagaya ƙirjinta. Na yi shekaru ina auna mata, na san bambancin ruwa da ciki tun kafin su faɗa. Na saki tef ɗin ya faɗi ƙasa. Ban tambaye ta ko ciki ne ba, cewa na yi wata nawa. Ta ɗaga mini yatsu huɗu, ta ce har ya fara motsi. Ta ɓoye ne don kunyar haɗa ido da likita, da kuma tsoron kada a ce za a cire. Alhaji ma a makon ya sani. Na zauna a kan kujerar keke. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da aka shigo da gawar mijina.

Da muka koma asibiti mu uku, likitar ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta rufe ƙofa, ta ce yau babu mai fita sai an amsa mata, ta riƙa yi wa Alhaji tambaya ɗaya bayan ɗaya kamar alƙali: a ina yake saya, a ina yake ajiyewa, da me suke haɗawa, ya taɓa fashewa. A gabana, yayar matarsa, ya amsa duka. Da ya ambaci bayan mota ta runtse ido. Da Hajara ta ambaci man zaitun ta ajiye biro. Ta ce zafi yana tsofar da roba tun tana cikin ledarta, mai kuwa kowane iri ne, na zaitun ko na kaɗanya ko basilin, yana raunana ta nan take. Ta ce akwai wani ruwa mai santsi a kemis da aka yi shi don wannan matsalar, ba ya hana ciki amma ba ya cin roba. Ta ce da sun zo a kwanakin farko bayan ya fashe, akwai maganin da za ta iya ba su. Duk wannan bayanin bai ɗauke ta tsawon shan kofin shayi ba, kuma shi ne yarinyar nan za ta yi musu ranar da ta durƙusa ta ce Baba. Alhaji ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Sannan ta faɗi abin da Hajara ke gudu, cewa hanya mafi tsira ita ce a raba ta da cikin. Alhaji ya sake komawa Tudun Murtala, ya dawo ya ce malam ya ce in har ya zama dole a zaɓa, ran uwa ne a gaba. Na ga babanku, mutumin da ake miƙewa in ya shiga ofis, ya zauna a ƙasa a gaban matarsa yana roƙonta ta dubi ƙananan 'ya'yanta. Ni ma na roƙa, na ce ta yi don ni. Ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, ta riƙe har na ji an shure ni daga ciki.

"Kin ji ta, Yaya? Wannan ba ta yi kuskuren komai ba."

Ummi, ke ce kika shure ni. Na san abin da yara suka faɗa miki a islamiyya, na san kin daɗe kina ɗauke da shi kina ganin kamar ke kika ci uwarki. Ba ki zo da ƙarfi ba, ba a kuma yaudare ta ba. An gaya mata farashin dalla-dalla, da idonta a buɗe ta zaɓe ki. Ni ban yarda da zaɓinta ba a lokacin, ba zan yi miki ƙarya ba, na so a ceto wadda na sani a kan wadda ban sani ba. Yau kuma in aka ce in mayar da ke a ba ni ita, ban san amsar da zan bayar ba, kuma na gode Allah da ba a tambayar mutum irin wannan.

Na rufe shago na tare a gidan. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ta bar aji, ta bar hawa ko matakala ɗaya, a zaune take barci ta jingina da bango. Kumburi ya hau daga ƙafa zuwa cinya, zobenta sai da aka yanke shi. Kabiru, kana ƙarami kana zuwa ka tsaya a bakin ƙofa kana kallon yadda take jan numfashi, in ta miƙo maka hannu sai ka gudu. Hajiya da farko murna ta yi, ta ce likita ba Allah ba ne, ga shi an ce ba za a ƙara ba Allah ya ƙaro. Da ta ga yadda surukarta ke komawa, murnar ta mutu, ta koma kan darduma. Kullum da safe takan zo da kwalbar man zaitun ta zauna ta ɗora ƙafafun Hajara a cinyarta tana mulka mata tana addu'a. Mu uku da muka sani muna kallo. Hajara ce ta sa muka yi mata alkawarin tsohuwar ba za ta taɓa ji ba.

Ciki bai kai wata tara ba aka kwantar da ita, aka yi mata aiki aka ciro ki, 'yar mitsitsiya kamar ɗan tsako, amma da ƙarfin murya. Hajara ta farfaɗo, har muka fara sa rai. Ta ga 'yarta, ta shinshina kanta, ta yi ƙoƙarin ba ta nono ta kasa. Kwana biyu kafin suna, bayan la'asar, numfashi ya fara gagararta duk da iskar da aka sa mata a hanci. Alhaji ya fita da gudu neman likita. Ta yi mini alama in kawo jaririyar, da na kawo ba ta karɓa ba, ta tura ta jikina.

"Yaya, ki yafe mini maganar da na faɗa miki. Ga kukan jariri nan, ki kai ɗakinki."

Kafin Alhaji ya dawo da likita ta cika, ina karanta mata kalmar shahada. Ni na yi mata wanka, ni da wata tsohuwa maƙwabciya. Jikin da na goya, na yi wa kitso, na auna wa kayan aure, na juya shi da hannuna ina zuba ruwa. Ranar suna babu rago a tsakar gida ana shewa, a zaman makoki aka raɗa miki sunanta, shi ya sa muke ce miki Ummi.

Tun a zaman makokin aka fara. Mata na cin shinkafar sadaka suna raɗa, wai an gaya wa mutumin nan kada ta ƙara amma ya ƙi haƙuri, wai ɗa namiji yake ƙarin nema. Maganar ta kai kunnen Alhaji, bai musa ba. In zai wanke kansa sai ya ambaci kwaroron roba a gaban dangi, ya buɗe sirrin ɗakin matarsa tana kabari, ya kuma gaya wa uwarsa abin da kwalbarta ta yi. Ya zaɓi a zage shi. Hajiya ta rayu shekaru bayan nan, ta rasu ba ta sani ba. Ni kuma alkawari ya ɗaure ni, sai na riƙa huce haushina a kan masu raɗar ta wata hanya, shi ya sa har yau rabin danginku ba sa gaishe ni, kuma ban rame ba.

Bayan an watse daga sadakar bakwai, da hantsi, Alhaji ya aiko a kira ni bayan gida. Ya kai motar ƙarƙashin mangwaron da kansa. Ya buɗe bayanta, ya ɗaga tayar, ya jawo baƙar ledar, har lokacin da saura da yawa a ciki. Ya yaga guda ɗaya a gabana, kunyar ta riga ta ƙare. Abin ya manne da kansa kamar tsohon danƙo, da ya ja shi kaɗan sai ya rabe a yatsunsa.

"Yaya, da wannan na yi gadin ranta."

Ya mayar da ledar, ya rufe, ya kulle motar, ya miƙo mini mukullin ya ce ba ya son ya ƙara ganinsa. Dillalai sun yi ta zarya, bai sayar ba. Ya koma shiga motar haya zuwa ofis har ya sayi wata. Bai ƙara aure ba, ku kun sani, duk da yadda aka matsa masa. Mukullin yana cikin akwatin zarena. Kabiru, ka yi shekaru kana gaida ubanka a tsaye daga bakin ƙofa. Yana ji, yana ganewa, bakin ne kawai babu. Ka je ka zauna kusa da shi tun yana da ido.

Da zan iya, da na bar maganar nan sai bayan raina. Abin da ya sa na fasa shi ne ranar da na je miki barkar haihuwa, Ummi, na ɗaga zanenki na danna ƙafarki, ramin ya tsaya. Sadiya ta gaya mini abin da likitocinki suka ce, cewa ciwon mahaifiyarki ne, kada ki sake ɗaukar ciki, duk da kin hana a faɗa mini, kuma ta ce mijinki ya ce kada a damu, shi zai kula ta ɓangarensa. Yaron kirki ne, mai kunya, ko haɗa ido da ni ba ya yi. Babanki ma haka yake. Ban ce kwaroron roba ba ya aiki ba, yana yi wa dubban mutane aiki, amma ke ba ki da wurin kuskure ko guda, don haka ki karɓi hanya mafi ƙarfi da likita ya ba ki, ko da kina kuka. Ranar da za ku koma asibiti zan biyo ku da sandata, in zauna a cikin ɗakin, ba a benci ba, kuma ko 'yar waye ta durƙusa ta gaishe shi, babu mai tashi sai an gama bayani. Ki ji haushina in kin ga dama. Na riga na yi wa Hajara ɗaya wanka, ba zan yi wa ta biyu ba.